Kirsimetin Da Muka Mayar Da Kwanon Gwaggo

'Yar'uwa mai karatu, in kina da yaro ɗan shekara huɗu a ɗaka, kin san babu ranar da yake sammakon tashi kamar ranar da kike roƙon Allah ya bar ki ki ƙara ko da rabin awa. Ni tawa 'yar, washegarin ranar da aka ba su hutun ƙarshen shekara, tun kafin ƙarfe shida ta kafa mini ganga a bakin gado. Ludayin miya ta ɗauko tana dukan wani tsohon kwanon samira mai murfi, fari mai jajayen furanni, bakinsa duk ya ɓantare. Wai ita Zumuntar Mata ce, don ta ga yadda suke buga tulu a coci. Na miƙa hannu zan ƙwace, ta rungume shi a ƙirji.

"Momi, kwanon waye?"

"Na Gwaggo ne. Ajiye kafin ki fasa mini kai."

"Wace Gwaggo?"

Na buɗe baki, sai na ga ba ni da gajeriyar amsa. Yarinyar nan ta san duk dangin ubanta na Kagoro, ta san nawa na Zonkwa, har karen maƙwabta ta san sunansa. Amma matar da ta ɓoye uwarta a ƙarƙashin gado kwana biyu, wadda ke zaune a gari ɗaya da mu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, ba ta taɓa jin labarinta ba.

A Narayi muke zaune, kudu da kogin Kaduna. Wanda bai taɓa yin Disamba a wannan ɓangaren ba, bari in ɗan kwatanta masa. Hazo kan sauko ya lulluɓe unguwa, leɓɓan yara su tsattsage, ki shafa musu man kaɗanya da safe kafin azahar sun koma fari fat kamar an tona su daga toka. Telan unguwa ya zama sarki, ba ya amsa gaisuwa. Masu kitso kan kai ƙarfe goman dare da fitilar waya. Da yamma ƙungiyoyin mawaƙa na bi gida gida, daga Barnawa har Sabon Tasha babu lungun da ba ki jin ganga. Ita kuma uwa tana zaune da biro tana lissafi a bayan takardar kuɗin makaranta.

Lissafin na bana bai yi daɗi ba, kuma na san ba ni kaɗai ba ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, a ƙarshen 2024 buhun shinkafa ya doshi naira dubu 100, mu da muke awo da mudu muka koma ƙirga mudun. Ni da maigidana muka zauna muka yanke shawara: babu akuya, kaji biyu sun isa. Ɗinki na yarinya ne kaɗai, ni zan fito da atamfar bara. Sannan babbar magana, ba za mu je Kagoro bikin Afan na ranar 1 ga Janairu ba. Kuɗin mota na mutum uku zuwa da dawowa, ga tsarabar da ba a shiga gida babu ita, ga tarin da sanyi ke tayar wa yarinyar. Surukata ta yi fushi a waya, ta ce jikarta za ta girma ba ta san ƙarar ƙahon garinsu ba. Ban ga laifinta ba. Amma karon farko ke nan tun da na yi aure da zan yi bikin gaba ɗaya a Kaduna, babu jaka a bakin ƙofa, babu hanzarin tasha. Wataƙila shi ya sa tambayar yarinyar ta samu wurin zama a raina.

Ni a Tudun Wada aka haife ni, a wancan hayin. Babana ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, unguwar da aka buɗe masaƙar farko a 1957, ta jawo mutane daga ko'ina suka cika garin nan. Kullum da asuba yakan hau kekensa ya haye gada, da magariba ya dawo da auduga a gashin kai. Gidan haya muke, ɗakuna takwas, rijiya ɗaya, murhu a jere. Matar mai gidan ita ce Gwaggo. Ba danginmu ba ce, Bazazzagiya ce, Musulma, amma tun da na buɗe ido Gwaggo nake ce mata, kuma ita ta yi wa Mama wankan jego da aka haife ni, don kakata tana ƙauye.

A gidan nan biki biyu muke da shi, ko in ce uku. Da Sallah a yi mana lalle tare da 'ya'yan Gwaggo, mu bi su yawon Sallah, a ba su goro a ba mu. Da Kirsimeti su bi mu. Kazar Kirsimeti kuwa mijin Gwaggo ne ke yankawa, Baba na riƙe da ƙafafu, don kowa a gidan ya ci ba tare da tambaya ba. Mama na da tukunya guda da ba ta taɓa ganin abin da Musulmi ba ya ci ba. Ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayanin wannan. Gani na yi ana yi.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairu, 2000, ina aji huɗu na firamare. Ba zan ba ki labarin abin da ya faru a garin nan ranar da kwanakin da suka biyo ba. In ke 'yar Kaduna ce kina da naki, in ba ke ba ce kin ji. Abin da zan ce kawai, babban ɗan Gwaggo ne ya je makaranta ya kwaso ni da ƙanena, ya biyo da mu ta lungu. Kwana biyu muka yi a uwar ɗakan Gwaggo, mu a ƙarƙashin gado, Mama a bayan labule, ita kuma tana zaune a bakin ƙofa da carbi tana ce wa duk wanda ya leƙo babu kowa sai ita da ciwon ƙafarta. Baba yana Kakuri, gada ta rufu, kwana uku bai san ko muna raye ba. Daga baya motar sojoji ta kwashe mu zuwa bariki.

Ba mu koma ba. Ɗakin da muka samu a Kakuri, waɗanda suka bar shi sun fita ne da irin hanzarin da muka fita da shi. A bayan ƙofa muka tarar da allon yaro da rubutu rabi, da 'yar buta. Mama ta naɗe allon a tsumma ta ɗora saman kwaba, ta ce mai shi zai zo. Bai zo ba. Rikicin Nuwamban 2002 ya ƙarasa abin da na 2000 ya fara, mutane suka yi ta musayar unguwanni, har wasu ke yi wa arewacin kogi laƙabi da Makka, kudanci kuma Urushalima. Laƙabin bai cika gaskiya ba, don akwai masallatai a Makera da Barnawa, akwai coci-coci a Malali da Unguwar Rimi, kuma kullum dubban mutane na haye gada zuwa aiki da kasuwa. Ni kaina a Kasuwar Gumi nake sayen atamfa. Muna haɗuwa a ofis, a layin banki, a asibiti. Tsakar gidan juna ne muka daina shiga.

Ban da Mama. Da Babbar Sallar da ta biyo, sai ga ɗan Gwaggo ya yi ta tambaya har ya gano mu, riƙe da kwanon nan cike da soyayyen naman layya. Mama ta wanke kwanon ta ajiye. Ranar Kirsimeti da rana ta cika shi da shinkafa da kaza, ta ƙulle da ɗankwali, ta hau bas ita kaɗai. Baba ya yi faɗa har ya gaji. Haka kwanon ya riƙa yi, rabin shekara can, rabin shekara nan, fiye da shekara ashirin. Sau biyu ko uku na raka ta ina yarinya. Da na girma sai na riƙa samun uzuri: atisayen waƙa, ƙawaye, saurayi, daga baya miji. Gaskiyar magana, ba na son warin lungun nan, yana tuna mini ƙurar ƙarƙashin gado.

Naman ƙarshe ya zo a ƙarshen Yunin 2023. Mama ta rasu a watan Satumba. Gwaggo ta zo gaisuwa, ana riƙe da ita, ta zauna a tabarma cikin matan coci ta yi kukanta, ni kuwa ko ruwa ban tuna na ba ta ba. Da aka zo rabon kaya, kwanon ya faɗo cikin nawa. Kirsimetin shekarar ya wuce muna ƙauye cikin makoki. Sallah biyu suka wuce, ba abin da ya zo, don ba kwano, kuma ɗakin Mama an ba wasu. Kwanon ya koma cikin kayan wasan 'yata.

Da dare na ce wa maigida, ranar Kirsimeti in an taso daga sujada zan kai wa Gwaggo abinci Tudun Wada. Ya ce to, Allah ya kai mu. Na ce da yarinyar zan je. Ya ajiye cokali.

Kada ki yi saurin yanke masa hukunci. Yayansa ya fita neman magani a 2002 bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba. Shi mutum ne mai abokan aiki Musulmi, yana zuwa ɗaurin aurensu, amma ya tsaya a bakin titi ya yi gaisuwa ya juyo. Ya ce da ni, "Ke babba ce, kin san hanya, in wani abu ya tashi kin san inda za ki bi. Ita fa? Ranar biki, da kayan Kirsimeti a jikinta, kowa ya gan ta ya san daga inda ta fito. Me za ta samu a can da ba za ta samu a nan ba?"

Na ce lafiya lau ake zaune, shekara nawa rabon da a ji wani abu a cikin gari. Ya ce ranar da yayansa ya fita ma da safe lafiya lau ake. Muka kwana kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Kwana uku maganar na tsakaninmu kamar ƙaya a tabarma. Ban ci nasara a kansa da hujja ba, don ba ni da hujjar da ta fi tasa nauyi. Ranar jajibere ne yana gyara fitilun da ya rataya a taga, bai ko waiwayo ba, ya ce, "Ku dawo kafin magariba. Kuma wayarki ta kasance a hannu, ba a jaka ba."

Da sassafe na tafi Barnawa wurin masu kaji. Na zaɓi biyu, na ce wa malamin ya yanka mini da kansa. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Maƙwabta za a kai wa ke nan." Na ce e. Ya ce da can rabin cinikinsa na Kirsimeti irin wannan ne. Na dawo na tono tukunyar Mama daga ƙasan kaya, na wanke ta da toka.

Daren jajibere akwai wasan kwaikwayon yara a coci, na haihuwar Yesu. An ba 'yata matsayin tunkiya. Sati biyu tana kuka ita mala'ika take so, saboda fukafukai. Na ɗinka mata kunnuwa da tsohuwar safa, na lallashe ta da cewa tunkiya ce ta fi kowa kusa da jariri. Da aka fara, makiyaya suka shigo da sandunansu, tumaki na biye da rarrafe, tawa tunkiyar ta miƙe tsaye a tsakiyar dandali, ta hango ni, ta ɗaga murya ta ce, "Momi, fitsari!" Coci ta kwashe da dariya har Fasto na share hawaye. Na ɗauke ta a guje. Kafin mu dawo an haifi Yesu, masu hikima sun zo sun tafi.

Muna hanyar gida samari suka fara fasa nokawut, 'yar nakiyar wasan nan da 'yan sanda ke gargaɗi a kai duk shekara ba mai ji. Kin taɓa lura da yadda ƙarar ke raba mutanen garin nan gida biyu? Yara su yi tsalle suna ihu. Manya kuwa, duk wanda ya haura talatin, sai kin ga kafaɗarsa ta ɗan motsa, idonsa ya nemi lungu mafi kusa, sannan ya tuna ya yi dariya. 'Yata na bisa wuyan babanta tana tafi. Shi kuma ya riƙe ƙafafunta da ƙarfin da har ta ce yana ji mata ciwo.

Ranar Laraba, ranar Kirsimeti, na tashi ƙarfe huɗu. Ba sai na ba ki labarin hayaƙi da yankan albasa ba. Abin da ya kusa karya ni shi ne shirya yarinyar. Rigar da tela ya ba ni ƙarfe tara na dare ta matse ta a hammata. Takalmin mai walƙiya da ta nace sai shi, tun kafin mu kai bakin titi ya fara cizon dunduniya. Kitson da aka yi mata jiya ya ja fatar goshi, tana taɓawa tana tsaki kamar tsohuwa. Ga tabarau na roba mai ruwan hoda wanda in babu shi, a wurinta, ba a yi Kirsimeti ba. A coci ta ci biskit uku, ta zubar da zoɓo a rigar, ta yi barci tun kafin wa'azi ya kai rabi. Na zauna riƙe da ita ina duban jan tabon, ina tuna kwana nawa na yi ina zirga-zirga wurin tela. Mu iyaye mata muna kashe kanmu a kan abin da yaro zai manta kafin sabuwar shekara. Ni ban tuna ko riga ɗaya ta Kirsimetin ƙuruciyata ba. Na tuna mijin Gwaggo yana wasa wuƙa a bakin rijiya.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka fito. Kwano a ƙulle cikin ɗankwalin Mama, na yafa gyale, na sauya wa yarinyar takalmi da silifa, ta yarda bisa sharaɗin tabarau ya zauna. Babanta ya raka mu bakin titi, ya tsayar da Keke, ya leƙa ya ƙare wa direban kallo kamar zai zana shi.

Daga Barnawa muka hau bas, muka bi ta shataletalen tashar jirgin ƙasa, sai ga gada. Ruwa ya ja baya kamar yadda yake yi da rani, duwatsu da yashi sun fito, masu lambu na ban-ruwa a gefe. Na ce mata ta duba, wannan ne kogin da garinmu ya ci sunansa, saboda kadduna da ke cikinsa a da. Ta manna tabarau a gilashi.

"Ina kadan?"

"Sun ɓuya."

"Suna cin mutane?"

Wani dattijo mai farar hula da ke gefenmu ya ce, "A'a 'yan mata, yau suna hutun Kirsimeti." Ta gamsu. Waya ta yi ƙara, na ce mun haye. Ya ce to.

Daga Kasuwa muka shiga wani Keken zuwa Tudun Wada. Nan fa duniya ta sauya mata. Ba waƙa, ba fitilu, shaguna a buɗe, masu gwanjo na Kasuwar Barci na ciniki kamar kowace Laraba. Ta tambaye ni ko su ba a gaya musu yau Kirsimeti ba ne. Na ce sun sani, nasu bikin daban ne, yana zuwa. Ta yi shiru tana juya maganar. Ni kuwa tafin hannuna ya jiƙe da gumi a jikin kwano, duk da sanyin da ake yi. Ba wanda ya ce mana komai. Wasu yara ne kawai suka biyo mu suna nuna tabarau.

Lungun ya ƙanƙance, ko ni ce na girma. An sare darbejiyar ƙofar gida. Na yi sallama a zaure, muryata ta fito siririya kamar ta 'yar shekara goma. Wata matashiya da ban sani ba ta leƙo, matar jikan Gwaggo ce, ta dube ni ta dubi yarinyar ta dubi ƙullin. Kafin in yi bayani na ji murya daga ciki: "Wa nake ji kamar 'yar gidan nan?"

Tana zaune a kan tabarma a rana, ƙafafu a miƙe, ta rame ƙwarai, idanun sun yi fari. Na durƙusa.

"Gwaggo, ina wuni."

Ba ta amsa ba. Ta laluba ta kama fuskata da hannu biyu, ta shafa, sannan hannunta ya sauka kan ƙullin. Ta bi bakin kwanon da yatsa ta cikin ɗankwali har ta kai inda ya ɓantare. Ta daɗe a nan.

"Na ce ya bi ta," in ji ta. "Na ce shi ke nan, kwanon ma ya bi ta."

Muka yi kukan da ban yi da ita ba ranar gaisuwa. 'Yata na tsaye ta riƙe gyalena, ta cire tabarau don ta gani da kyau.

"Wannan kuma wace ce ta shigo mini gida ba gaisuwa?" Gwaggo ta share ido. "Au, kishiya aka kawo mini? Zo nan in gan ki. Da wannan ƙaton gilashin za ki ƙwace mini miji? Kin makara, ya riga mu gidan gaskiya."

Yarinyar ta dube ni. Na ce ta je, kakarta ce. Ta ce kakarta tana Kagoro, ɗayar kuma tana wurin Yesu. Gwaggo ta ce, "To ni ce ta ukun, ta Tudun Wada. Ba a gaya miki ba ne don uwarki ba ta da kirki." Ban musa ba.

Aka buɗe kwano. Na ga matashiyar nan ta ɗan ja baya, sai na yi sauri na ce malamin da ke sayar da kaji a Barnawa ne ya yanka, tukunyar ma ta Mama ce. Gwaggo ta ce, "Wa ya tambaye ki? Kawo cokali." Ta ci loma uku, ta ce gishiri ya yi yawa, uwata ba ta haka. Matashiyar ba ta ci ba, kuma ban ji haushinta ba. An haife ta bayan an gama rabon unguwanni, mai yiwuwa ni ce Kirista ta farko da ta taɓa zama a tabarmarsu. Amma ta zuba wa 'ya'yanta, kuma ita ce ta jawo 'yata ta zaunar, ta ɗiga mata lalle a tafin hannu.

Cikin rabin awa tabarau ya zagaye fuskar kowane yaro a gidan. Na leƙa tsohon ɗakinmu, wani tela ne ke ajiye kaya a ciki. 'Yata ta biyo ni, na ce mata nan aka haife ni. Ta ce to me ya sa muka tafi. Na ce tashi muka yi. Ta koma wasanta.

Wata rana zan gaya mata. Dole ne, don in ban faɗa ba wani zai faɗa mata, a makaranta ko a bakin famfo, kuma rabi zai faɗa. Zan gaya mata labarin yayan babanta, da ƙarƙashin gado, da allon da muka tarar a bayan ƙofa. Abin da nake so kawai shi ne ranar da za ta ji, ya kasance ta riga ta ci abinci a gidan nan, akwai fuskar da za ta tuna in an ce "su". Duk shekara muna ganin labarin cocin Fasto Yohanna Buru a Sabon Tasha, inda Musulmi ke zuwa taya murnar Kirsimeti, kuma abin yabo ne. Sai dai yaro ɗan shekara huɗu ba ya karanta jarida. Garinsa shi ne gidajen da aka taɓa tuɓe masa takalmi a ƙofarsu.

Ba zan ɓoye miki wani abu ba. Da aka kira la'asar daga masallacin da ke jikin katanga, Gwaggo ta yi alwala ta ta da salla a zaune. Ina juyowa na ga 'yata a bayanta, ta yafa ɗankwalin Mama, tana sunkuyawa tana ɗagowa yadda ta ga ana yi. Gabana ya faɗi. Na tuna babanta, na tuna surukata, na tuna abin da matan coci za su ce. Na je a hankali na janye ta. Da Gwaggo ta sallame aka ba ta labari, ta yi dariya har da tari, ta ce kishiyar nan har sallar ma so take ta ƙwace. Sannan ta juyo inda nake ta ce, "Ke ma haka kika yi ta yi, ga ki nan da cocinki." Na yi dariya, amma hannuna na riƙe da na yarinyar, ban sake shi ba sai da muka tashi tafiya.

Waya ta yi ƙara sau biyar kafin ƙarfe biyar. Gwaggo ta sa aka wanke kwanon aka kife a ɗakinta. Ta kwance bakin zane ta ba kishiyarta naira 200, aka ƙulla mana dambun nama da alkaki a leda. Ta ce ba za ta jira layya ba, don ba ta san ko za ta kai ba. Da Ƙaramar Sallah za ta aiko jikanta da kwanon, wata uku ne ya rage. Jikan, saurayi mai gyaran waya, ya raka mu har titi. Ya ce shi iyakarsa Barnawa, bai taɓa shiga Narayi ba. Na karɓi lambarsa na ce zan turo kwatance.

Ta yi barci tun kafin mu kai gada, hannun lalle a buɗe a cinyata don kada ya goge. Babanta na tsaye a daidai inda muka bar shi. Ya karɓe ta, ya saɓa a kafaɗa, ya juya tafin hannun ya duba, bai ce komai ba. A gida ya buɗe ledar, ya ɗebi dambu ya ci a tsaye.

"Tsohuwar tana nan da ƙarfinta?"

"Ta tsufa. Ba ta gani sosai."

Ya ƙara ɗiba. Na zauna ina rubuta wa jikan Gwaggo kwatance tun ban manta ba, ina karantawa a fili: in ya sauka daga bas ya hau Keke, ya wuce gidan mai, ya shiga kwana ta biyu.

"Ta uku," in ji shi. "Ta biyu ba ta ɓullewa, za ki ɓatar da yaron mutane. Kawo wayar."

Ya goge hannu a wando, ya karɓa, ya share abin da na rubuta ya fara daga farko. A ƙarshe na ga ya ƙara lambarsa, ya rubuta cewa in ya iso bakin titi ya tsaya a nan ya kira, za a fito a shigo da shi.